Zaman limamai da fastoci a teburi ɗaya: yana hana zubar da jini, ko ɗaukar hoto ne kawai?

MaiNazari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina kuma gaida 'yan'uwanmu Kiristoci da ke wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk inda aka yi rikici mai kama da na addini a duniya, kafin a gama binne gawarwaki sai ka ga an tara malamai da fastoci a babban ɗakin taro, an yi jawabai, an rungumi juna, an ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Bayan shekara biyu ko uku sai wutar ta sake tashi a inda ta tashi da farko. To shin wannan haɗin gwiwa tsakanin mabiya addinai ya taɓa ceton ran wani? Ya taɓa sanyaya zuciyar wanda aka kashe wa uba? Da zuciya ɗaya nake tambaya, ba don raina ƙoƙarin kowa ba. Wanda ya san misali tabbatacce ya kawo, wanda ya gani da idonsa ya faɗa mana.

Bulus_77:
Sannu Malam MaiNazari. Ya ceci rai, kuma ba ɗaya ba. Dubi Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A watan Maris na 2013 'yan tawayen Seleka, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, suka ƙwace Bangui, babban birnin ƙasar. Zuwa Disamba 'yan anti-balaka, mayaƙan sa-kai da yawancinsu Kiristoci ne, suka fara ramuwar gayya a kan duk Musulmin da suka samu, mai hannu da marar hannu. A lokacin Akbishop Dieudonné Nzapalainga ya ɗauko Imam Oumar Kobine Layama da iyalinsa ya ajiye su a gidansa na tsawon watanni. Su biyun, tare da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou, suka riƙa bi gari-gari suna gaya wa mutane cewa wannan faɗan neman mulki ne aka lulluɓe da rigar addini. A garin Bossemptélé kuma Fada Bernard Kinvi ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan da yake kula da shi, masu adduna suna zuwa suna yi masa barazana bai miƙa su ba. Wanda ya fita da ransa daga wannan asibitin ba zai kira abin hoto ba.

Gaskiya_Ɗaya:
Yallaɓai Bulus, jarumtar waɗannan bayin Allah babu mai musunta. Amma ka ƙarasa labarin mana. A 2014 yawancin Musulmin yammacin ƙasar sai da suka tsere zuwa Chadi da Kamaru, aka rushe masallatai masu yawa. Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin unguwar PK5 da ke Bangui a Nuwamban 2015, duniya ta yi ta yabo, yaƙi kuwa bai tsaya ba. Haka a Kaduna: a watan Agustan 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan sanarwar zaman lafiya, wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ci rayuka fiye da 200. Ina amfanin takardar? Ni ina tare da mai tambaya.

Bulus_77:
Ɗan'uwa, ai liman ba shi da soja, fasto ba shi da kotu. In ka auna su da aikin gwamnati dole su faɗi. Ka auna su da mutanen da suke raye yau saboda wani ya buɗe ƙofa.

Ummu_Khalil:
Ina karanta ku, duk maza kuke lissafawa. Wanda ya fi kowanne ƙarfi a cikin misalan da na sani mata ne suka yi shi, a Laberiya cikin 2003. Leymah Gbowee ta tara matan coci, Asatu Bah Kenneth, wadda jami'ar 'yan sanda ce Musulma, ta tara matan Musulmi. Suka sa fararen kaya suka zauna a fili a Monrovia, rana da ruwan sama, har sai da shugaban ƙasar na lokacin, Charles Taylor, ya yarda ya saurare su. Da tattaunawar sulhu a Accra ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, suka je suka zauna a ƙofar zauren suka hana wakilan fita sai sun daidaita. A watan Agustan shekarar Taylor ya bar mulki, aka sa hannu a yarjejeniya. Gbowee ta samu lambar Nobel a 2011. Ba na cewa su kaɗai suka kawo ƙarshen yaƙin, don akwai matsin lambar ƙasashen waje da 'yan tawayen da suka kewaye birnin. Amma ku lura, ba su zauna muhawarar wane addini ne gaskiya ba. Abu ɗaya suka nema: a daina kashe musu 'ya'ya.

Ɗalibin_Ilmi:
Afuwan, zan ɗan karkata. Ni damuwata ta aƙida ce. Na sha ganin irin waɗannan taruka ana cewa wai duk addinai ɗaya ne, ana haɗa addu'a, har wani ya ji kunyar faɗin abin da ya yi imani da shi. Allah ya ce ku da addininku, ni da nawa. Ina iyakar abin? Malamai a taimaka.

Malam_Na_Zaure:
Ɗalibin_Ilmi, Allah ya ƙara maka kishin addini. Tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta a fili take. Haɗa ibada daban, haɗa kai a kan hana zalunci daban. Na farko babu wanda ya isa ya tilasta maka, kuma Kiristan da ya san addininsa shi ma ba ya so. Na biyu kuwa yana da tushe mai ƙarfi.

Kafin aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci ƙawancen Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an a Makka, inda aka yi alƙawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Waɗanda suka ƙulla shi ba Musulmi ba ne. Duk da haka bayan zuwan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Da wahala ta tsananta a Makka, ƙasar Habasha ya tura sahabbansa, wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda ba a zaluntar kowa a wurinsa. A Madina ya rubuta yarjejeniya da ƙabilun Yahudawa, kowa da addininsa, amma kare gari a kan kowa yake. A suratul Mumtahana aya ta 8 Allah bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su kore mu daga gidajenmu ba. A suratul Hajji aya ta 40 kuma, da aka ambaci wuraren da za a rushe in ba don Allah yana kare wasu mutane da wasu ba, an jero ɗakunan ibadar ruhubanawa da majami'u da wuraren ibadar Yahudawa tare da masallatai.

Don haka wanda ya tsaya gadin coci ranar Lahadi bai sayar da tauhidinsa ba. Wanda aka ce masa sai ya ce duk addinai ɗaya ne kafin a zauna da shi, ya ce a'a cikin ladabi, ya ci gaba da aikin.

Ɗalibin_Ilmi:
Allah ya gafarta Malam, na gamsu da rabewar. Sai dai a aikace masu shirya tarukan ba kullum suke kiyaye wannan iyaka ba.

Rahila_Nas:
Ɗalibin_Ilmi, za ka yi mamaki in na gaya maka irin wannan tsoron yana wajenmu. Akwai waɗanda ke ganin faston da ya cika zama da limamai ya yi sanyi a bangaskiya. Alhali Yesu Almasihu da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, misalin Basamariye ya bayar, mutumin da masu saurarensa ba sa ko shiri da jama'arsa.

Amma ni kan warkarwa nake so in yi magana, don Malam MaiNazari ya tambaya ba wanda ya taɓa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki da waɗanda suka tsira daga tashin hankali. Raunin jiki muna ɗinkewa, ya warke. Wanda ba a gani shi ne mai wuya. Mace ta zo tana ciwon kai da bugun zuciya, a auna komai lafiya, ashe ba ta barci ne, ƙarar babur ma sai ta firgita. Yaro ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Namiji ya zama mai saurin fushi, ya huce a kan iyalinsa. Irin waɗannan da wuya su je wurin likitan ƙwaƙwalwa, suna tsoron a ce sun haukace. Wurin liman ko fasto suke fara zuwa. In an koya wa shugaban addini ya gane alamomin, ya saurara ba tare da gaggawar cewa a yi haƙuri ba, ya san lokacin da zai ce a tafi asibiti, to an yi rabin aikin.

Abin da na gani ya fi tasiri shi ne zaman da aka haɗa zawarawan ɓangarorin biyu. Da farko kowace ta haɗe rai, ko gaisuwa da ƙyar. Da wata ta fara ba da labarin yadda ta yi ta neman gawar mijinta, sai wata daga ɗaya ɓangaren ta fashe da kuka, don labarinta ne ake faɗa. Kafin ranar kowace tana zaton ɓangarenta kaɗai aka zalunta.

Mai_Tabo:
Anti Rahila, Allah ya saka. Amma ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. An kashe yayana a irin wannan rikici. Ba ya cikin masu faɗa, hanya ce ta biyo da shi. Daga baya aka kira mu taron sulhu, aka yi ta karanto mana ayoyin yafiya daga littattafan biyu. Babu wanda ya tambaye mu sunansa. Babu wanda aka kama. Na tashi daga wurin zuciyata ta fi zafi fiye da yadda na shiga. Ina jin kamar an tara manya ne don a rufe bakinmu. Yafiya ai sai an san wa za a yafe wa, da abin da ya yi.

Ummu_Khalil:
Allah ya jiƙan yayanka, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ba ka faɗi abin da ba daidai ba ko kaɗan.

Bulus_77:
Allah ya ta'azantar da kai da iyalinku, ɗan'uwa. Abin da aka yi muku a taron nan kuskure ne babba.

Lauya_Sadiq:
Mai_Tabo, Allah ya gafarta wa mamaci. Maganarka ita ce cibiyar abin a wurina. Sulhun da aka tsallake gaskiya da hukunci ba ya daɗewa. A Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sasantawa da Akbishop Desmond Tutu ya jagoranta ta fara sauraron shaidu a 1996, kuma sharaɗin afuwa shi ne mai laifi ya fito ya bayyana duk abin da ya aikata. Ko a hakan iyalai da yawa ba su gamsu ba, to ina ga inda ba a ko tambayi sunan mamaci ba?

Inda nake ganin shugabannin addini za su fi amfani shi ne su haɗa murya su matsa wa hukuma: a fitar da rahoton kwamitin bincike, a gurfanar da waɗanda ake zargi, a biya diyya. Kuma gwajin gaskiyarsu shi ne liman ya yarda a hukunta Musulmin da ya yi kisa, fasto ya yarda a hukunta Kiristan da ya yi kisa. Abin da aka saba gani shi ne kowa ya je belin nasa.

A kan tsaro ma haka. Dubi Siri Lanka. Kafin harin ranar Ista na 21 ga Afrilun 2019, wanda ya kashe fiye da mutum 250 a coci-coci da otal-otal, Musulmin ƙasar da kansu sun kai ƙarar mai wa'azin da ya jagoranci harin wurin hukuma, an kuma samu gargaɗin leƙen asiri daga Indiya. Ba a yi abin da ya kamata ba. Bayan harin kuma sai gungun mutane suka far wa shaguna da masallatan Musulmin da ba su ji ba ba su gani ba.

Gaskiya_Ɗaya:
To kun dawo kan maganata ke nan. In gwamnati ba ta yi nata ba, sauran duk ɓata lokaci ne. Kuma ma wa ya ce addini ne matsalar? A Ruwanda a 1994 masu kisa da waɗanda aka kashe yawancinsu coci ɗaya suke zuwa, a cikin coci ma aka kashe dubbai, kamar a Nyamata da Ntarama. Filaye ne, mulki ne, talauci ne, siyasa ce. A gyara waɗannan a ƙyale malamai su yi wa'azinsu.

Baba_Dattijo:
Yarona Gaskiya_Ɗaya, rabin maganarka gaskiya ce. Sau da yawa tushen faɗan ba addini ba ne. Amma da sunan addini ake tara matasan da za su yi shi, don haka mai addini ne ya fi kowa iya kwance wannan ƙulli. Kuma kada ka ce ɓata lokaci ne. A rana irin wannan, kafin jami'an tsaro su iso, maƙwabci ne ke yanke hukuncin ko za ka rayu.

A watan Yunin 2018 a ƙauyen Nghar Yelwa da ke Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abdullahi Abubakar, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tsaya gaban masu bindiga ya ƙi buɗe ƙofa. Da aka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata har da cewa shekaru da yawa da suka wuce Kiristocin wurin ne suka ba da filin da aka gina masallacin. Ka ga alherin da aka shuka tun kafin a haifi wasunku, ranar ya yi 'ya'ya.

A Kenya, a Nuwamban 2014 'yan al-Shabaab sun tare motar safa kusa da Mandera suka ware waɗanda ba Musulmi ba suka kashe 28. A Disamban 2015 suka sake tare wata, wannan karon fasinjoji Musulmi suka ƙi a ware su, mata suka ba Kiristoci mayafai. Wani malamin makaranta Musulmi, Salah Farah, ya samu harbi a wurin, ya rasu a Janairun 2016. Babu gwamnati a cikin motar nan.

MaiNazari:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ka lura duk misalan nan naka ba daga ɗakin taro suka fito ba. Liman Abdullahi da fasinjojin Mandera ba wata ƙungiya ce ta horar da su ba. Wannan ai yana ƙarfafa shakkata ne a kan tarukan.

Saratu_D:
Malam MaiNazari, a ganina ana haɗa abu biyu ne. Akwai taron da ake yi bayan an yi ɓarna don a nuna wa duniya, akwai kuma aikin da ake yi shekara da shekaru ba wanda ya sani. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yaƙi juna a rikicin 1992 a jihar Kaduna. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kuma su da bakinsu sun faɗa cewa an daɗe kafin zargi ya fita daga zukatansu. Cibiyar sasantawar da suka kafa ita ce ta shiga tsakani bayan kashe-kashen Yelwa da Shandam na 2004 a jihar Filato, har aka kai ga yarjejeniya a 2005. Wannan ba aikin yini ɗaya a otal ba ne. Matasan da suka riƙe makami suna saurarensu ne don sun san su ma sun riƙe.

Wani misalin da ba na faɗa ba ne: cutar Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000. Gawa tana yaɗa cutar sosai, mutane kuma suna ɓoye mamatansu don ba su yarda a binne su ba wanka ba addu'a ba. Sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna da ƙungiyoyin Musulmi da na Kirista aka fitar da tsarin binnewa cikin mutunci a Nuwamban 2014, har da taimama a madadin wanka ga Musulmi, limamai da fastoci kuma suka hau mumbari suka bayyana wa jama'a. Abin da likita ya faɗa aka ƙi ji, da ya fito daga bakinsu aka karɓa.

Kwamared_Isa:
Ni abin da na gani da idona ƙarami ne amma ya yi aiki. A inda na taɓa zama an kafa kwamiti na mutum kaɗan daga masallaci da coci, har da shugabannin matasa da mata, kowa yana da lambar wayar kowa, da ta babban jami'in 'yan sandan yankin. Doka ɗaya ce: in ka ji jita-jita, kada ka tura wa kowa, kira takwaranka na ɗaya ɓangaren ku je ku gani tare. Wata rana hoto ya bazu a WhatsApp wai an ƙona wurin ibada. Kafin matasa su gama taruwa mutum biyu sun je sun dawo, ginin yana nan lafiya, hoton ma na wata ƙasa ne. Aka sanar a lasifikar masallaci da ta coci, kowa ya koma gida. Ba jaridar da ta buga, don ba abin da ya faru. Shi ya sa lissafin nasarar irin wannan aiki yake da wuya, Malam MaiNazari: rikicin da aka hana ba shi da gawar da za a ƙirga.

Hajiya_Turai:
Haka abin yake a ƙasashen da Musulmi ne 'yan tsiraru. A Oktoban 2018 da aka kashe Yahudawa 11 a wurin ibadarsu a Pittsburgh ta Amurka, ƙungiyoyin Musulmi sun tara kuɗi don iyalan. Da aka kashe Musulmi 51 a masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand ranar 15 ga Maris 2019, Yahudawan Pittsburgh suka tara nasu suka aika. A Masar kuma, inda Kiristoci ne 'yan tsiraru, bayan harin cocin Iskandariyya a daren shiga 2011, Musulmi sun je sun tsaya a coci-cocin Kibɗawa ranar Kirsimetinsu don su zama garkuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowa ɗan tsiraru ne a wani wuri.

Gaskiya_Ɗaya:
Kwamared, naka na yarda da shi, don ba alawus a ciki. Amma da zarar masu ba da tallafi sun shigo, sai kwamitin ya koma neman kujera.

Mai_Tabo:
Na karanta duka, na gode da addu'o'inku. Anti Rahila, irin zaman da kika ce an yi wa zawarawa, ana yi wa maza? Mahaifinmu tun lokacin bai ƙara zama daidai ba, kuma ba ya yarda a ɗauko zancen.

Rahila_Nas:
Ana yi, sai dai maza sun fi wuyar fitowa, musamman dattawa. Kada ku matsa masa ya yi magana, kuma kada ku fara da kai shi cikin taro. Ku nemi mutum ɗaya da yake girmamawa, tsaransa, ya riƙa zuwa suna zama ko da ba za a taɓo zancen ba. Ku riƙa ambaton yayanku da sunansa a gabansa, da abubuwan kirkin da ya yi, don wani lokaci shirun da gida ya yi ne yake ƙara masa nauyi. In ba ya barci, ko ya rage cin abinci, ko yana maganar gajiya da rayuwa, wannan na asibiti ne, kada a jira. Ka turo mini saƙo ta gefe in gaya maka irin tambayoyin da za ku yi wa likita.